Tsiron da abokin aikina ya kawo daga Abijan

Ina koyarwa a lakwal ɗin Illela abokin aikina ya dawo daga Abijan da wani tsiro ɗaure a ɓawon itace, saiwoyinsa suna reto a iska. Mutane suka yi ta zuwa kallo, alhali lambun da na shekara uku ina ban ruwa ba mai leƙawa.

Na ce masa, "Mushe," haka muke kiran malamin makaranta, "ai kauci ne."

Ya ce, "A'a, kauci tsotsar itace yake. Wannan zama kawai yake, raɓa ce abincinsa."

Na zuba ido bazara ta kashe shi, amma kullum yana fesa masa ruwa. Ran da ya yi fure, na ce kaina ke ciwo, ban je ba.