Juma'ar da Baba Ya Tsaya a Ƙofar Masallaci

Ranar Ashura ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Shinkafa ta nuna a fadamarmu da ke bakin kogin Haɗeja, tsuntsayen jan-baki kuma sun sauko mata kamar hayaƙi, don haka Baba ya ce babu inda zan je, in hau rumfar gona in yi ta kora. Ina tsaye a kan rumfar da baƙin hijabina, ina jan igiyar da muka jera wa gwangwanaye, ina ihu har maƙogwarona ya bushe, sai na hango Yaya Sadiƙu yana tahowa da gudu ta tsakanin fangali, babu takalmi a ƙafarsa. Bai kira sunana ba. Da ya iso ƙarƙashin rumfar sai ya durƙusa cikin laka ya dafe kansa da hannu biyu. Na sauko na riƙe kafaɗarsa ina tambayarsa, sai ya ce, "Zainabu, an kashe Yaya Haidar." Shi ne babban wanmu, tela ne, ya tafi muzaharar Ashura a wani gari da ke gabas da mu. Wani yaro ne ya kutsa cikin taron da bam ɗaure a jikinsa.

Kafin wannan rana ban san gidanmu da wata damuwa da ta wuce ta ambaliya da tsuntsu ba. Gidan ƙasa ne mai babban zaure, inda mahaifina Malam Isiyaku yake karantar da samari da magidanta bayan sallar asuba, kafin ya saɓa fartanya ya nufi fadama. Malamin Shi'a ne, kowa a unguwa ya san haka. Inna kuma shinkafa take turarawa ta shanya a tsakar gida, mata suna aiko yara da kwano su saya. Aikina shi ne ɗebo ruwa, da share tsakar gida, da tsare shanyar kada awaki su afka mata. In na gama sai in zame zuwa gidan maƙwabcinmu Goni Modu, limamin masallacin Juma'ar unguwarmu, wanda kakanninsa daga wajen Tafkin Chadi suka zo. 'Yarsa Hajara ce ƙawata. Tare muke 'yar carafke a gindin gorubarsu, tare muke gwigwiyar goruba har haƙoranmu su yi tsami, da damina kuma mu bi yara maza bakin ruwa mu kalli yadda suke kama tarwaɗa da hannu. A makaranta akan ce mini 'yar Shi'a, ni ma in rama da abin da ya zo bakina, kafin a tashi mun manta. Baba da Goni ba sa bin juna salla. Sukan zauna a tabarma ɗaya su yi ta musu a kan littattafai har murya ta ɗaga, amma kwalekwale ɗaya suke shiga in za su duba gonakinsu na hayin ruwa.

Washegari aka kawo gawar Yaya Haidar a bayan mota, a naɗe cikin tabarma. Ba a bar Inna ta buɗe fuskarsa ba. Na tuna yadda ta zauna a ƙofar ɗakinta tana shafa tabarmar daga sama zuwa ƙasa, tana neman inda kansa yake. Bayan an dawo daga maƙabarta samari suka cika zaure har waje. Ni ce mai kai musu ruwan sha, don haka da kunnena na ji wani daga cikinsu ya miƙe ya ce an daɗe ana kashe mu muna haƙuri, mu ma muna da waɗanda ba sa tsoron mutuwa, kuma kowa ya san masallatan da ake zagin mu a cikinsu. Zauren ya ɗauki guna-guni. Baba yana zaune da ƙasar kabarin ɗansa a gefen rigarsa, ya ɗaga kai ya ce, "Wanda ya ɗaura bam ya shiga cikin mutane ya kashe kansa ne, ya kuma kashe bayin Allah. Ko da sunan Haidar ya yi, ba shahidi ba ne, kuma ni ba zan yi masa salla ba." Ya tuna musu cewa jikan Manzon Allah, wanda saboda shi muke saka baƙaƙen kaya, sai da ya shayar da rundunar da ta zo ta tare masa hanya, har da dawakansu, kuma a Karbala bai yarda nasa su fara harbi ba. Ya ce manyan malamanmu na Iraki an tashi bam a hubbarorinsu da kasuwanninsu, amma hana mabiyansu ramuwa suka yi. Wasu suka sunkuyar da kai. Yaya Sadiƙu ya tashi ya fita bai ko ɗauki hularsa ba.

Daga nan gidanmu ya soma rushewa a hankali. Yaya Sadiƙu ya daina cin abinci da Baba, ya daina zuwa gona. Shi da Yaya Haidar ɗaki ɗaya suke kwana tun suna yara, Yaya Haidar ne ya koya masa keke, shi ya koya masa ɗinki. Yanzu sai ya tafi bakin kogi ya zauna cikin ciyawar kacalla tun safe, ya dawo idanunsa jajur. Ni kaɗai na rage a kan rumfa, tsuntsaye suka fi ƙarfina, suka cinye kusan rabin shinkafar ina kallo ina kuka. Sai wani baƙo ya fara zuwa gari, mai tsabtar kaya da taushin murya, babu wanda ya san daga ina yake. Ba ya shiga zaurenmu, a bakin ruwa yake tara samari. Baba ya je ya same shi a can, ya ce masa a gaban kowa ya bar musu 'ya'yansu, in da gaske yake son Aljanna ya fara da kansa ya daina aiken 'ya'yan mutane. Baƙon ya yi murmushi ya ba shi haƙuri. Bayan wannan ɗaliban Baba suka yi ta raguwa. Waɗanda da suke durƙusa masa suka koma kiransa matsoraci, malamin gwamnati, wanda ya sayar da jinin ɗansa, musamman da suka ji yana cewa su je su yanki katin zaɓe, su shiga zaman unguwa a san da su, maimakon su ware kansu.

Ɗaya ɓangaren ma bai bar mu ba. Magana ta bazu cewa 'yan Shi'a za su rama a masallacin Juma'a. Mata suka daina aiko yara sayen shinkafa, shanyar Inna ta yi ta taruwa a buhu. A makaranta aka bar mini benci ni kaɗai. Wata rana na shiga gidan su Hajara da duwatsun carafkena a hannu, sai mahaifiyarta ta tare ni a tsakar gida, ba tare da faɗa ba, ta ce, "Zainabu, ki ɗan dakata da zuwa tukuna, kin ji, har abubuwa su lafa." Na hango Hajara tana leƙe ta bayan labule. Na koma gida na shige bayan rumbu na zubar da duwatsun.

Wata safiyar Alhamis Yaya Sadiƙu ya yi aski, ya yi wanka, ya sa fararen kaya da turare. Ya zo inda Inna take juya shinkafa a kan wuta ya durƙusa, ya ce, "Inna, ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki." Ta ce ta yafe, tana murna don ta ɗauka hankalinsa ne ya dawo. Ya shafa kaina ya fita. Sai da ya ɓace ta tsaya cak da muciya a hannu, ta kalle ni, na ga fuskarta ta canja. Ta saki muciyar ta fita titi babu mayafi tana kiran sunansa. Da Baba ya dawo daga gona ya ji, bai ko wanke ƙafarsa ba ya shiga gidan Goni Modu. Na bi bayansa na tsaya a soro. Na ji yana faɗa wa mutumin da mabiyansa suke zargin mu cewa ɗansa ya ɓace, kuma yana tsoron masallacin Goni zai nufa. Ya san abin da maganar za ta iya jawowa, don a lokacin ko zargi ya isa a harbe mutum. Goni ya ce, "Malam, ɗanka ɗana ne. Tashi mu nemo shi." Suka hau babur suka bi tasha da kasuwa, suka je Auyo, suka shiga kwalekwale suka bi rugagen masunta. Suka dawo da la'asar sakaliya ba su gan shi ba. Inna ta riƙe rigar Baba tana cewa shi ya kori yaron da wa'azinsa, an kashe mata ɗaya, yanzu ya miƙa ɗayan.

Da safiyar Juma'a Goni ya ce a sanar da mai unguwa, a ƙara samarin da ke laluben mutane a ƙofar masallaci. Baba ya yarda, amma ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya tsaya a ƙofar da kansa. Tun hantsi ya tafi, da baƙin rawaninsa a kai don kowa ya san ko wane ne. Ya tsaya a ƙofar masallacin da bai taɓa salla a cikinsa ba, cikin rana, yana duba fuskar duk wanda ya zo wucewa. Wasu suka tofar da yawu a gabansa, wasu suka juya suka koma gida da 'ya'yansu. An ce ya gaya wa samarin ƙofar, "In kun gan shi kada ku taɓa shi, ku matsa. Ni zan rungume shi. In zai tashi, ya tashi da ni." Mu kuwa muna gida, ni da Inna, a zaune a ƙasa a tsakar gida. Ba mu hura wuta ba. Muna jin huɗubar Goni ta lasifika, kowace kalma kamar ita ce ta ƙarshe. Inna ta riƙe hannuna har farcenta ya shige fatata. Da aka tayar da salla gari ya yi tsit, na ji wani ya buga ƙofar langa-langa a maƙwabta, sai fitsari ya zubo mini ban sani ba. Muka ji raka'a ta farko, muka ji ta biyu, muka ji sallama. Babu abin da ya tashi. Baba ya dawo leɓunansa sun tsattsage, ya zauna a zaure ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne Yaya Haidar.

Bayan wasu kwanaki masunta daga wajen Auyo suka kawo Yaya Sadiƙu kwance a cikin kwalekwale, zazzaɓi ya cinye shi. Sai da ya warke ya faɗa wa Inna abin da ya faru. Baƙon nan ya ce masa ya je ranar Juma'ar ya ga yadda ƙofar masallacin take da yadda ake lalube, sannan ya same shi a tashar Kafin Hausa a tafi da shi inda za a shirya shi. Ya je, ya laɓe a bayan wata motar itace, sai ya hango mahaifinsa a ƙofa, tsoho, gumi ya jiƙe masa riga, yana leƙa fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙafarsa ta ƙi gaba, kunya kuma ta hana shi komawa gida, sai ya bi bakin ruwa yana tafiya har ya faɗi. Baƙon ba a sake ganinsa ba. Wasu samari biyu daga cikin masu zama da shi ma ba a sake ganinsu ba, uwayensu har yau suna tambayar matafiya.

Zan so in ce bayan haka komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Zauren Baba bai sake cika ba. Shekarun da suka biyo baya sun zo wa 'yan Shi'a da wasu gawarwakin, kuma duk lokacin da aka kawo sabon labari sai wani ya tsaya a ƙofarmu ya tambayi Baba ina amfanin haƙurin nasa da katin zaɓen nasa. Yakan ce, "Ban ce muku za a daina zaluntar ku ba. Cewa na yi kada ku zama su." Ya ci gaba da zuwa zaman sulhu na unguwa, inda sau da yawa shi kaɗai ne mai baƙin rawani, ana sauraronsa da rabin kunne. Da ya rasu, sahun jana'izarsa bai kai rabin na Yaya Haidar ba. Goni Modu ya zo da sandarsa, ya tsaya a sahun baya, ya bi limaminmu.

Yau Yaya Sadiƙu yana noma fadamar nan, yana da 'ya'ya, ba ya yawan magana, ba ya kuma zama inda ake musun addini. Ni ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Hajara ta yi aure a Kaugama, mukan gaisa a waya, amma ba mu taɓa komawa yadda muke ba. An daina laluben mutane a ƙofar masallaci, sai dai ina ganin abin da yayyen ɗalibaina suke tura wa juna a waya, zagi da kafirtawa daga kowane ɓangare, da muryoyi masu taushi irin ta baƙon nan, waɗanda yanzu ba sa buƙatar zuwa bakin kogi. Dattawan da za su yi musu a tabarma ɗaya su tashi su shiga kwalekwale ɗaya sun kusa ƙarewa. In na dubi yaran da ke gabana a aji sai gabana ya faɗi, in rasa wanda zan faɗa wa. Ban san ko a cikin iyayensu akwai mai ƙarfin halin tsayawa a rana saboda 'ya'yan wasu ba.