Takardun da Inna ta sayo a Rabah

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adar take a ƙauyenmu, can bakin fadamar Goronyo. Uwa ba ta kiran ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta tambayarsa abin da ke damunsa. In tana so in ci abinci, sai ta dubi Goggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu tun rasuwarsa, ta ce, "A hwaɗa ma wancan tuwo na hucewa." Ga ni tsaye taku uku daga inda take, amma dole maganar ta bi ta wurin Goggo. Ina yaro abin yana ba ni haushi ƙwarai, don ni tun asali mai saurin fushi ne.

Bayan na sauke Alƙur'ani na yi ƙananan littattafai a gida, sai na tafi Wurno neman ilimi, gemuna bai gama fitowa ba. A lokacin nan ɗan talaka yana iya karatu a Wurno in yana da jimiri. Wani masaƙi ya ba ni zaurensa, gidansa kuma suna fito mini da tuwo safe da yamma don neman lada. Alhamis da Juma'a muna yi wa malamai noma. In an yi girbi akan tuna da masu karatu a cikin zakkar hatsi. Sabulu da man fitila kuwa ɗinkin hula ke saya mini, ko da yake hulunana sai wanda bai dubi ɗinkin da kyau ba yake saya. Ci da kwana duk jama'a sun ɗauke mana. Abu guda ne babu mai ba ka, shi ne takarda. Daga arewa fatake ke kawo ta a kan raƙuma, tsadarta kuwa ta fi ƙarfin mai ɗinkin hula irina.

A shekarata ta uku wani malami ya sauka a garin, tsoho daga yamma, yana kan hanyarsa ta zuwa hajji. Zai zauna ne har ayarin gabas ya tashi kafin faɗuwar ruwa. A gafakarsa akwai wani babban littafin fiƙihu da muka daɗe muna jin labarinsa ba mu taɓa gani ba. Ya ce zai karantar da shi, zai kuma riƙa ba da aron ganyensa kaɗan-kaɗan a kwafa, amma sai ga wanda ya zo da takardarsa. Wanda ba shi da ita ya zauna daga baya ya saurara. Na san kaina. In na saurara kawai, ranar da tsohon nan ya ɗaure kayansa littafin ya tafi ke nan, ni kuma in koma gida da ɗan abin da ya maƙale a kunne.

Na je gida kwana biyu. Na zauna a tsakar gida ina ba Goggo labari da ƙarfi, yadda Inna, da ke kaɗi a bakin ɗakinta, za ta ji. Na ce takarda, takarda, har sau nawa ban sani ba. Ban roƙi kowa ba, don na san abin da ke gidan: tunkiya guda da Inna ta yi shekaru tana kiwo, sai zaren da take kaɗawa. Inna ba ta ɗaga kai ba. Na koma Wurno ina cewa a raina ko a jikinta.

Ashe ranar kasuwar Rabah ta ja tunkiyar, ta ɗauki zarenta duka, ta bi masu jakunan albasa. Ba ta taɓa riƙe takarda a hannunta ba. Wanda kuwa zai gaya mata irin wadda ake so, shi ne wanda kunya ta hana ta tambaya. Goggo ce ta ba ni labarin daga baya. Bafataken da ta samu yana da farar takarda sabuwa, yana kuma da wani tarin tsofaffin ganyen littattafai da suka warwatse, babu farko babu ƙarshe, yana sayar da su da araha. Mutumin bai cuce ta ba. Ya gaya mata masu karatu fara suke nema. Ta ce ita ba za ta ba da tunkiyarta a kan abin da babu komai a cikinsa ba, alhali ga wadda an riga an rubuta, ta kuma fi yawa. A ganinta ta rage mini wahala.

Wani mai jaki ya kawo mini ƙunshin a zauren masaƙi da hantsi, an naɗe shi cikin tsohon zanenta. Na kwance shi. Na duba abin da ke ciki. Ganye uku na nahawu, biyar na wani littafin magani, wasu na lissafin taurari, wasu ma ban san ko na mene ne ba. Na tashi na shuri butar alwala ta fashe, ga ta ba tawa ba. Na faɗi maganganu a kan mutanen ƙauye waɗanda har yau nake istigfari a kansu.

Da la'asar na kwashi tarin na kai wa malam, don in gaya masa na fita daga sahun masu kwafa. Ya saurari labarin, ya yi dariya har da share hawaye da hannun riga. Sai kuma ya ɗauki ganye guda ya aza yatsunsa a gefen rubutun. Yatsu uku suka zauna a fili fari, sama da ƙasa da kowane gefe, don marubutan dauri ba sa ƙyashin barin fili.

Ya ce, "Kai, mi kaka ma hushi? Wagga ba takarda ta ba? Tahi ka hiƙe alƙalaminka shi yi tsini awa allura. Kuma kak ka sake in ji ka ambaci tsohuwar nan da abin da ba alheri ba."

Haka na kwafi littafin, ina zagaya rubutun wasu mutane da ban sani ba. Hukuncin alwala ya kewaye maganin ciwon ciki, babin ciniki ya kewaye taurari. Abokan karatuna suka sa ni gaba da tsiya, wai ni kaɗai ne ke juya littafi kamar mai tuƙa tuwo kafin in karanta layi guda. Idanuna suka yi ja, wuyana ya ƙage. Amma kullum ina sahun gaba, ganyen malam yana hannuna.

Gefen ya ƙare mini daidai farkon babin gado, babi na ƙarshe, ana saura kwana tara ayari ya tashi. Malam ya sa na koma wa allo kamar ƙaramin yaro: in rubuta, in haddace, in wanke, in sake rubutawa. Ya tafi ya bar ni da littafi a gafaka da babi guda a ka, ina tsoron kada ya zube kafin in sami inda zan sauke shi.

Da ruwa ya faɗi na koma gida noma. Wata rana bayan mun taso daga gona Goggo ta ce in karanta musu abin da aka sayo da tunkiya. Na buɗe gafaka na fara, ina fassara mata. Inna tana can bakin ɗakinta da mazari, ta ba mu rabin baya. Ban san tana kallo ba sai da na ji ta ce, "A tambayi wancan, mi as sa yatsanai ka bin gehe, ba shi shiga tsakiya?"

Da na iya yin ƙarya da na yi. Na dubi Goggo na faɗi gaskiya, a taƙaice, ina ta sassauta ta iyakar iyawata. Mazarin ya tsaya. Can ya ci gaba da juyawa. Ranar nan ban iya cin tuwo ba don tausayinta.

Duk daminar nan ban ga hannunta ya huta ba. Ta dawo daga gona ta kama kaɗi, ta sauke tukunya ta kama kaɗi. Na ɗauka zanen da za ta ɗaura take nema, tunda nata ya tafi wajen naɗe mini kaya. Bayan an yanke gero ta sake bin masu jakuna zuwa Rabah, aka ce mini gishiri ta je saye.

Ran da zan koma Wurno, da safe ina ɗaure kaya, Goggo ta miƙo mini wani abu shimfiɗe tsakanin fai-fai biyu. Takarda ce fara fat, ganye goma sha ɗaya, ko ɗigon tawada babu. A kansu na sauke babin gado daga baya, bai zube ba ko kalma. Inna tana cikin ɗaki, ta saki asabari.

Goggo ta ce, "Ta ce a tambaye ka, wai ko wannan karon an yi daidai?"

Na juya na fuskanci asabarin nan, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "A hwaɗa mata an yi daidai. Na hwarkon ma an yi daidai."

Sai na ji ta daga cikin ɗakin tana cewa, "A ce mashi rana na yi. Shi kama hanya, Allah shi kiyaye."