Ƙofar da Darakta Bai Buɗe Ba

A ƙasan wani bene na jami'a akwai gidan da ba kowa ke kwana a ciki ba, don ba gidan gaske ba ne. Falo ne mai kujerun da suka lotsa, da ɗan kicin, sai ɗakin ciki mai ƙofa ruwan toka. Akwai takalman yaro a bakin ƙofa, akwai kwanon da ba a wanke ba, saboda Farfesa, shugabar wurin, ta ce gidan da ya yi tsaf ba ya koya wa kowa komai. Kowace kusurwa da kyamara. Madubin falon kuma ta bayansa gilashi ne, can malamai ke zama suna kallo. Jami'a ce ta gina shi tare da hukumar kare yara, don ma'aikatan hukumar su gwada ziyarar gida a nan kafin su je gidan mutane su yi ɓarna.

Ni ne mijin gidan. Aikina in zauna gaban talabijin in ɗaure fuska, abin da matata ta gaske ta ce ba sai an koya mini ba. Matar gidan kuwa ita ce nake son ba ku labarinta. Ɗalibai suka sa mata Anti Zauna-Mana, sunan ya bi ta, har Farfesa haka take kiranta.

Ga yadda wasan yake. Ana gaya wa ma'aikaci cewa maƙwabta sun kai ƙara, suna jin kukan yaro a gidan nan. Sai ya ƙwanƙwasa, mu buɗe masa. A ɗakin ciki akwai 'yar tsana kwance a gadon yara, hannunta naɗe da bandeji. Abu ɗaya ake so daga gare shi: ya nace sai ya ga yaron da idonsa. Aikin Anti kuma ta hana shi, ba da faɗa ba, da kirki. In ƙararrawar cikar lokaci ta kaɗa bai shiga ba, Farfesa za ta fito ta raka shi ya buɗe ƙofar da hannunsa, ya ga abin da ya bari.

Ban taɓa ganin mai iya wannan aikin kamarta ba. Kafin baƙo ya gama sallama ta karɓe masa jaka. “Zauna mana, ɗana, ai ka sha rana.” Ta kawo shayi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta yaba takalminsa. In ya ce ina yaron, sai ta rage murya. “Yanzu ya samu barci, bawan Allah, jiya zazzaɓi bai bar shi ya runtsa ba. Ko in tashe shi?” Wane mai kunya ne zai ce a tashe shi? Na ga ƙartin maza sun fita suna mata godiya, a dawo da su gaban ƙofar su yi ta zufa. 'Yan mata da yawa sun yi kuka a wurin. Ita ko a jikinta, tana can tana wanke kofuna.

Na ɗauka taurin zuciya ne kawai. Abin da na sani game da ita bai taka kara ya karya ba. Ta daɗe tana guga a ɗakin wankin wani asibiti, har yatsunta suka yi kanta. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba. Tana zaune da ƙaninta, Auta, wanda ita ta raine shi. Gyaran waya yake yi a wata rumfa, da hannu ɗaya da rabi, don na hagun a karkace yake, ya tsuke daga gwiwa zuwa yatsu. Yakan zo ɗaukarta in an tashi, mu gaisa, in tsokane shi in ce ya zo biko. Ban taɓa tambayar abin da ya sami hannun ba.

Rannan Farfesa ta tara mu. Lokacin sabunta yarjejeniya da hukumar ya yi, sabon Darakta kuma ya ce zai zo da manyan ma'aikatansa, shi da kansa zai shiga wasan don ya nuna musu yadda ake yi. To, akwai wata ɗabi'a a wurin nan da ba a faɗa wa baƙi. In babban mutum zai shiga, ana sassauta masa. A bar ƙofar ɗakin a ɗan buɗe, ni kuma in danna wani maɓalli da ke ƙarƙashin hannun kujerata, kukan yaro ya tashi daga ciki. Ko kurma ne zai gane. Ya shiga, a tafa masa, ya sa hannu a takarda yana murmushi.

“Anti, don Allah ki rage gishiri ranar,” in ji Farfesa. “In ya ji kunya, wurin nan ya rufe.”

Ta nuna mana hotonsa a wayarta don mu gane shi. Anti ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ta mayar mata.

Sai da muka rage mu biyu a kicin ta ce, “Maigida, na san mutumin nan.” Haka take kirana ko an gama wasa. “Ya taɓa zuwa gidanmu.”

Tana 'yar budurwa a lokacin, mahaifinsu ya rasu, uwarsu ta auri wani mai saurin hannu. Auta yana ƙarami, shi ya fi shan wuya. Wata maƙwabciya ta kai ƙara, aka turo wani matashin ma'aikaci a kan babur, da jaka da tabarau. Mijin uwar ya kulle Auta a ɗaki, ya ce ita ta dafa shayi ta kawo wa baƙo.

“Ni na ɗauko tiren,” ta ce. “Na tsaya daidai ƙofar ɗakin ina kallonsa, ina kallon ƙofar, ina kallonsa. Ka san abin da ya ce? Wai yarinyar nan akwai natsuwa. Ya tambayi ina ƙanina, aka ce yana barci, ya ce a bar shi ya huta. Ya shanye shayinsa tas, ya tafi.”

Raina ya ɓaci. Shekarun nan duk ina zaune kusa da ita, ashe ba wasa take yi ba. Mijin uwarta take kwaikwayo, kalma da kalma.

“Kin san za su kore ki,” na ce.

“Na sani. Kai dai kada ka taɓa maɓallin nan.”

“Yatsana ma ciwo yake yi kwana biyun nan.”

Ta yi 'yar dariya, ta ce akwai kuma ƙofar baya ta ɗakin ciki, wadda ake shigo da kaya ta nan, makullinta yana wurina. Na ce yana nan.

Darakta ya zo da hantsi, da tumbinsa da turarensa, mutanensa na biye. Ya tsaya a farfajiya ya yi musu jawabi kan cewa ido shi ne makamin ma'aikaci. Aka shigar da su bayan gilashi tare da Farfesa, shi kuma ya gyara wuyan riga ya ƙwanƙwasa.

Anti ta buɗe. Wallahi ni kaina da na san komai sai da na ji kamar in tashi in ba shi kujerata. Ta rusuna har ƙasa. “Ranka ya daɗe, da kanka? Gidan talaka irin namu? Zauna mana.” Ya zauna. Ta kawo shayi a kofin da ya fi kyau. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ma'aikacin da ya shigo da mutunci irin nasa ba, yaran yanzu sai su faɗo wa mutum kamar 'yan sanda. Nan ta taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shiga ba ta labarin yadda aiki yake a zamaninsu, yana satar kallon madubi don ya tabbata mutanensa na ji.

Ƙofar ɗakin a rufe ruf. Na san Farfesa na can tana jiran kukan yaro, tana tsine mini a zuci. Na harɗe hannuwa a ƙirji na ƙura wa talabijin ido.

Can ya tuna abin da ya kawo shi. “Af, ina yaron namu?”

“Yanzu ya samu barci, ranka ya daɗe. Ko in tashe shi?”

Ta tafi ta tsaya daidai ƙofar, da tire a hannu. Ta kalle shi, ta kalli ƙofar, ta sake kallonsa. A nan ta ba shi damar da ba ta taɓa ba wani ɗalibi ba. Ban sani ba ko so take ya tashi ko so take ya zauna.

“A'a, a'a,” ya ce yana ɗaga hannu. “Bar shi ya huta. Ai daga ganin uwa an san yaro yana hannu nagari.”

Ƙararrawa ta kaɗa.

Bari in faɗa muku tun yanzu, a makon aka sallame mu, ni da ita. Ta koma guga, ni na koma zaman gida ina ɗaure wa matata fuska kyauta. Ban yi nadama ba ko ta ƙwayar zarra, kuma da za a sake, zan sake.

Farfesa ta fito fuskarta ba annuri, mutanen Darakta na biye da ita. Ta so ta rufe zancen, ta fara cewa lokaci ya ƙure, a wuce ɗakin taro. Sai wata matashiyar ma'aikaciya, wadda Anti ta taɓa sa ta kuka a wannan falon, ta ce, “Ranki ya daɗe, ai ba a buɗe ƙofar ba tukuna. Mu an sa mu mun buɗe.”

Ba yadda za a yi. Darakta ya miƙe yana dariyar yaƙe, ya ce ai kowa na koyo, ya murɗa hannun ƙofar. Ya shirya ganin 'yar tsana.

Auta ne zaune a bakin gadon yaran, ƙato da gemunsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. Darakta ya ja da baya, ya juyo yana neman wanda zai yi masa bayani. Anti ta ambaci sunan titinsu na da, da launin babur ɗinsa, da sunan maƙwabciyar da ta kai ƙarar. Ina kallon fuskarsa lokacin da abin ya faɗo masa. Bakinsa ya buɗe, ya cire tabarau, ya rasa inda zai sa shi.

Auta bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa dama.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe,” ya ce. “Ranar ma na ji muryarka. Na kwanta a ƙasa ina leƙen takalminka ta ƙarƙashin ƙofa, na ce yanzu zai buɗe. Lokacin targaɗe ne kawai a hannun, da an kai ni asibiti da ya warke. Sai da mijin uwarmu ya ji tashin babur ɗinka, sannan ya shigo ya ƙarasa shi.”