Injin da Taubashina Ya Wanke

Shekara shida na yi a cikin ramin juye baƙin mai, a wata warsha, wato gareji, da ke wajen Jurf a Madina. Duk motar da ta shigo, cikinta nake fara gani. Akwai masu motar da muka daɗe muna hulɗa amma takalmansu kawai na sani. Mu'alliminmu, wato ubangidanmu a warshar, wani dattijo ne Bahaushen Sudan, injin ko na keken ɗinki ne ba ya barin kowa ya buɗe sai shi. In na roƙe shi sai ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "hannunka bai nuna ba." Ina da mata da 'ya'ya biyu, wai hannuna bai nuna ba, sai ka ce gwanda.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin da kowa ya fara komawa ƙananan motocin Japan, taubashina ya samu mota. Ɗan kawuna ne, yana aikin gonar dabino a Awali, wata unguwar gonaki ta Madina. Ɗan mai gonar ne ya gaji da wata motar Amurka mai ƙofa biyu, silinda takwas, hancinta kaɗai ya kai tabarmar sallar mutum uku. Ta fara hayaƙi kamar ana gasa ɗanyen itace, uban ya ce a kawar masa da ita, aka ba taubashina kyauta.

Ranar da na gan ta sai da na zagaye ta sau bakwai. Na je na samu mu'allim na ce ina so in sauke injin in sake gina shi, ya fi yadda Bature ya yi shi ƙarfi. Ya yi dariya har da tari.

"Tayyib," ya ce. "In ka tayar da motar nan, ta je Khaibar ta dawo ba ta tafasa ba, ka fita daga rami. In ba haka ba, kar ka ƙara yi mini maganar injin."

A bayan takardar buhun siminti na zana komai. Za a kai gangar injin wajen masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ramukan silinda, a sa fistin da suka fi na da girma. Kafireta mai baki biyu a cire ta, a ɗora mai baki huɗu wadda na tono a wurin da ake zubar da matattun motoci. Salansa biyu, kowace da hanyarta. Lagireto babba, don zafin hanyar Khaibar ko raƙumi sai ya nemi inuwa. Ina yi wa taubashina bayani, shi kuwa yana cire ƙwallon dabino daga baki.

"Bawana," ya ce, don ni ɗan mace ne, haka yake kirana tun muna yara, "ni dai ta tashi. Taki zan riƙa ɗebowa da ita."

"Taki? Motar da in na gama da ita, kana taka ta a Awali sai ka riga hularka zuwa Makka?"

"To wa zai ɗauko mini hular?"

Aka faɗaɗa ramukan. Suka dawo sumul, kana leƙawa kana ganin haƙoranka. Mai yankan ya ja mini kunne, ya ce bangon silinda ya yi siriri, wannan ne yanka na ƙarshe, ba sauran naman da za a ƙara ci. Fistin kuma babu irinsu a Madina, sai wani direban babbar mota ya taho mini da su daga Jidda. A warsha ba wurin ajiya, mu'allim ya ce ba zai riƙa tuntuɓe da mafarkina ba. Sai na kai injin ɗakin ajiya na gonar. Na shafe ramukan da mai, na jera kowane ƙarfe bisa tsari, na lulluɓe da tamfol, na ce wa taubashina ko kallonsa kar ya yi.

Ban lissafa da cewa lokacin yankan dabino ya zo ba.

Sati uku sai ga fistin. Bayan sallar Juma'a na rungume su kamar jarirai na nufi Awali. Tun daga ƙofar gona na hango tamfol ɗina a shimfiɗe a rana, an baza dabino a kai. Na ƙara sauri. Taubashina ya taro ni yana washe baki.

"Kar ka damu, bawana, na gyara komai. Har ya fi da kyau."

Abin da ya faru shi ne, ya janye tamfol don shanya, sannan shi da sauran ma'aikatan gonar suka jibga buhunan dabino a kan wani katako da ke saman injin. Dabino in ya danne juna a cikin zafi, zuma yake tsiyayarwa, mai kauri, nan ana ce mata dibis. Kwana da kwanaki tana ɗiga cikin ramuka takwas. Da ya ga ta daskare, sai ya yi mata abin da ake yi wa tukunyar da tuwo ya kama. Ya kankare da laujen yankan dabino. Ya dirje da yashi da toka. Ya ɗauraye da ruwan rijiyar gonar, mai gishiri-gishirin nan, ya bar shi ya bushe da kansa.

Da na buɗe ƙofar ɗakin, ƙudaje ne suka fara yi mini maraba, sun kai jama'ar gari guda. Wari ya bugi hancina, tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, kamar kunun da ya kwana uku a rufe. Ramukan da na bari kamar madubi sun koma ja da tsatsa, ga sawun lauje daga sama har ƙasa. Inda hannunsa bai kai ba, dibis na nan ya haɗu da mai da yashi ya zama wani baƙin ƙulli, tururuwa sun mutu a ciki jere-jere. Na zura waya a hanyar da mai ke bi, na ji ta kama wani abu mai laushi. Na jawo. Wutsiyar ɓera ce, sauran ɓeran yana ciki, ya kumbura ya toshe hanyar. Na fita da gudu na amayar da shinkafar da na ci.

"Haram alaik," na ce da na samu numfashi. "Wa ya ce ka taɓa?"

"Au, laifi na yi? Yini guda na yi ina dirza, bayana har yanzu ciwo yake. Kai da ko tukunya ba ka iya wankewa."

"Wannan ba tukunya ba ce!"

"Ƙarfe ne dai, ko? Yana da rami dai, ko?"

Wallahi da ba ɗan kawuna ba ne, da a rijiyar nan zai yi la'asar.

Washegari na roƙi mu'allim ya zo ya gani, ko akwai dabara. Ya toshe hanci da bakin rawani, ya sa farce ya bi bangon silinda ɗaya. Farcen ya maƙale a sawun laujen. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku, bai ƙarasa sauran ba.

"Khalas. Wannan ya mutu."

Na fara nuna taubashina, sai ya ɗaga mini hannu.

"Shi manomi ne, abin da ya sani ya yi. Kai ne ka buɗe cikin injin ka tafi ka bar shi sati uku ba ka leƙo ba. Gobe da safe akwai motoci huɗu masu jiran juye mai."

Ya yi gaba abinsa. Taubashina ya ɗauki fistin sabo guda, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa cikinsa.

"Bawana, waɗannan in ba ka da abin yi da su ka bar mini biyu. Daidai awon gishirin akuya."