Lambar Sirri a Hular Kawu

Kwamfutata ta farko da tunkiyar Goggo aka saye ta. Goggo yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu tun ina ƙarami, ba ta da ɗa, sai 'yar gona guda a bayan garinmu, ta wajen Makoɗa. Da na gama difloma na dawo gida ina zaman jiran aikin da bai zo ba, ita ta ja tunkiyar zuwa kasuwa ta ce in je Kano in sayo abin da nake ta surutu a kai. Ta hannu na samo, batirinta ko awa ɗaya ba ya yi.

Babbar manhajar da ke kanta kuwa, kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya daina aiko mata gyara. Wai ta tsufa, a sayi sabuwa. Haka suke: su sayar maka da ɗaki mai ɓarakar bango, su riƙa liƙe maka na 'yan shekaru, ranar da suka ga aljihunka ya huta sai su janye hannu su ce zaɓi naka ne. In kuma ɓarawo ya shiga ta ɓarakar da suka sani sarai, kalma ɗaya ce a bakinsu, wai an samu matsalar na'ura. Na tsani kalmar nan tun a lokacin. Na'ura ba ta yin komai sai abin da mutum ya sa ta. Na goge tasu kaf, na ɗora irin wadda ake bayarwa kyauta, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya karanta. Ina ji da kaina ƙwarai a kan wannan.

A shekarun nan da mai ya yi tsada, takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, buhun taki ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya rage wa irin su Goggo shi ne takin tallafi da ake rabawa ta hannun ƙungiyar manoma. Shi ma kowace damina sai an yi rigima, don sunayen a littafi suke, littafin kuma yakan kwana a gidan mai mulki ya wayi gari da sababbin manoma waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Shugaban ƙungiyar Kawu ne, ƙanin mahaifiyata. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ci na wani ba. Na ce masa zan rubuta manhajar da za ta riƙe sunayen, ba mai ƙarawa ba mai gogewa sai da lambar sirri. Wata biyu na yi a kanta, ina kai kwamfutar caji shagon mai sola, ina bin gonaki da ƙafa ina rubuta kowa da gonarsa. Na sa mata kundin da ke rubuta duk wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa. Na rufe duk wata ƙofa da na sani. A gaban jama'a na bugi ƙirji na ce ko daga Abuja aka turo mutum ba zai shiga ba. Goggo tana bayan zana tana ji, ta yi ta faɗa wa mata.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni zaure.

"Mukullin sito a wajena yake," in ji shi. "Hatimin ƙungiya a wajena. Wannan mukullin na cikin na'ura fa?"

Na ce, "Kawu, ai ba irin wanda ake ratayawa ba ne. A kai ake riƙe shi."

"To kan wa? Naka? In ka faɗi ka mutu fa? Ko kuwa ba ka yarda da ni ba ne?"

A garinmu mukulli na babba ne, ko na rumbu ko na masallaci. Ƙarami ba ya riƙe abin da babba ba zai iya buɗewa ba. Duk littattafan tsaron da na karanta babu wanda ya faɗi yadda za ka dubi ƙanin uwarka ka ce a'a. Na yago takarda na rubuta masa lambar. Bai iya boko ba, ko kunna kwamfutar bai iya ba, sai na ce a raina ina abin tsoro. Ya ninke ta ya cusa a naɗin hularsa. Kwamfutar ma ya ce a sito za ta riƙa zama, tunda kayan ƙungiya ne a cikinta.

Shekarar zaɓe ce. Mutanen kansila sun bi gida-gida da taliya da sabulu, sai ka rantse za ka zaɓe su kafin a ba ka. Goggo ta ce ba ta rantsuwa a kan taliya, su ɗauke kayansu. Gidaje kaɗan ne suka yi haka, kuma an san su.

Wata Juma'a na tafi Kano jarrabawar neman aiki. Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi. Wani ɗan boko daga ofishin kansila ya zo da mota, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce an turo shi ya duba sunaye don a ƙaro wa garinmu buhu. Baƙo ya zo da alheri, ya kuma yi ladabi. Kawu ya buɗe sito, ya cire hula, ya miƙa masa takardar, har da sa a kawo masa fura.

Ranar rabo ni na gurzo sunayen a takarda, ban ko duba ba, don na yarda da aikina. Ni ne kuma mai kira. Goggo ta zo tun hantsi da baron da ta ara, ta zauna a gindin darbejiya. Ina kira ina cin karo da sunayen da ban san su ba, wasu samari na zuwa da babur suna ɗauka. Na kai ƙarshen takarda, sito ya zama wayam, Goggo na zaune, sunanta bai fito ba.

Na buɗe kundin a nan take. Komai na ciki, tsaf, yadda na tsara shi: ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, da babbar lambar sirri, an goge suna kaza an ƙara kaza. Manhajata ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na ɗago na dubi Kawu. Ya gane. Sai ya kai hannu kan hularsa ya sunkuyar da kai, tsoho mai furfura, a gaban duk garin.

Goggo ta taso a hankali har inda nake.

"Ɗan nan, ba kai ka ce ba mai iya shiga ba? Wa ya shiga?"

In na faɗa, Kawu ya gama yawo a garin nan, mahaifiyata kuma ba za ta ƙara duban fuskata ba. Ɗan bokon da kansilansa babu abin da zai same su, wannan kowa ya sani. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Goggo, matsalar na'ura ce."

Ta dubi kwamfutar, ta ɗan shafa murfinta da tafin hannu. "Ayya. Ai dama tsohuwa ce. Allah ya ba ta lafiya." Ta juya ta tura baronta babu komai a ciki.

Daminar nan da toka da kashin awakin maƙwabta ta yi noma. Geron ya fito rawaya, bai wuce ƙugu ba, kafin watan azumi rumbunta ya ƙare. Kawu ya riƙa aika mata da hatsi a ɓoye ta hannuna, wai in ce daga ni ne, na kuma riƙa cewa daga ni ne.

Yanzu a birni nake, aikina ke nan, toshe ɓaraka a manhajojin mutane. Ina zama a taro in ji manyan kamfani suna shirya yadda za su ce wa jama'a an samu matsalar na'ura, raina ya ɓaci, amma ba na iya ɗaga murya yadda nake so.

Goggo ta yi shekara uku a duniya bayan nan. Duk zuwan da na yi gida, in ta gan ni da jakar kwamfuta a kafaɗa, sai ta gaishe ni, sannan ta nuna jakar da haɓa ta ce, "Ya mai jikin? Ta warke?"

Ni kuma in ce, "Da sauƙi, Goggo."