Na'urar da Ta Tona Ni a Kara

Ni ne na fi kowa dagewa a kan mu zaɓi shugaban dillalan shanu da na'ura. Na ce ci gaba ne, duniya ta wuce tsayawa layi. Dalilina na gaskiya daban ne. Mutum biyu ke takara: surukina, dattijon Bakura da ya ba ni 'yarsa, da wani mutumin Faru wanda ya fi shi ƙarfin zirga-zirga da sanin jami'an hanya. A al'adarmu ta kara, wato kasuwar shanun Talata Mafara, kowa bayan ɗan takararsa yake tsayawa, ido na ganin ido. Na Faru nake so, amma ina zan sa fuskata in surukina ya waiwayo?

Mai gyaran waya na bakin tasha ya haɗa mana abin. Aka zagaye wata rumfa da tabarmi, aka ajiye na'urar a kan turmi. Tunda yawancinmu ba mu yi boko ba, ya sa hoto: bijimi na surukina, rago na mutumin Faru.

Wani dillali ya fara shiga. Sai muka ji muryar mace daga cikin rumfa, tangararau: "Ka zaɓi bijimi. Mun gode."

Kara ta kaure da dariya. Na ja mai gyaran waya gefe.

"Malam, mi ne ne wagga?"

"Alhaji, ai don wanda bai iya karatu ba ya tabbatar da abin da ya taɓa. Taimako ne."

"To kashe ta."

"In na taɓa yanzu, sai a ce maguɗi."

Gaskiyarsa. Layi ya zo kaina, surukina na zaune a kan buzu, taku kaɗan daga tabarmin. Na shiga, na cire hulata na danne bakin na'urar, na dangwala rago. Ashe ta ƙasa sautin ke fita.

"Ka zaɓi rago. Mun gode."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Angon Bakura, yau sai tuwon kasuwa!"

Na fito da hula a hannu. Dattijon bai ko dube ni ba. Na Faru ya ci zaɓe, ni kuma na sha miya ba gishiri a gida har mako ya zagayo.

Talatar da ta biyo, ina duba haƙoran wata karsana, sai ga surukina da saniya a baya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya bari na gama tsaf, sannan ya miƙo mini igiya.

"Tashi ka sai da min ita. Kujera ka hana ni, ban ce ba ka iya ciniki ba. Amma in an tashi wani zaɓe, ka zo ka gaya min da bakinka, kada in sake ji daga bakin wata mata."

Na karɓi igiyar.