Ranar da Aka Tayar da Injinan Saƙa

A takardar bizata an rubuta cewa yawon buɗe ido zan je yi a Poland, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na yi shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a nan Zariya, ina zana wa yara taswirar Turai a allo, ina nuna musu inda ake haƙo kwal da inda ake saƙa, alhali ni kaina ban taɓa wuce Legas ba. Amma ainihin abin da ya fitar da ni daga Tudun Wada 'yata ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta tun tana goye.

Karatun likita ta tafi yi a Ukraine. Da yaƙi ya ɓarke, ta bi ayarin ɗalibai suka tsallaka iyaka, bayan 'yan watanni ta gaya mana ta samu gurbin ci gaba da karatu a wani gari na Poland. A rubuce sunan garin Lodz, amma masu shi Wuj suke cewa. Muka yi hamdala, muka raba sadaka. A layinmu kuwa tun tafiyarta ta farko aka daina kiran mahaifiyarta da sunan da aka santa, aka koma Maman Likita. Da na yi ritaya, ƙanena da ke aiki a Legas ya tsaya tsayin daka har takarduna suka fito, ya ce in je in ga yarinyar, in kuma ga abin da na yi ta koyarwa.

A tashar jirgin ƙasa ta tarye ni. Ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar Turawa kamar a tsakar gidanmu take. Na ga ta rame, rigar sanyin da ke jikinta ta yi mata yawa, amma na ce a raina karatun likita ai haka yake cin mutum. Ta kai ni wani ƙaramin masauki, ta ce ba a barin baƙi maza a inda ɗalibai mata suke kwana. Na tambaye ta makaranta fa, ta ce hutu suke yi.

Kullum da safe sai ta zo ta ɗauke ni. Lokacin kaka ne a can, ganyayen bishiyoyi sun yi ruwan ɗorawa suna ta zuba, sanyi kuma yana shiga har ƙashi. Mu hau jirgin nan mai taragu biyu da ke bin tsakiyar titi, mu sauka, mu yi ta tafiya a ƙasa. Garin masaƙu ne. Duk inda ka juya jan bulo ne, dogayen gine-gine masu tagogi jere, da bututun hayaƙi da suka daina hayaƙi. Wata masaƙar girmanta ya kai unguwa guda, an mayar da ita kasuwa, da shaguna da gidajen abinci, yara suna guje-guje a filin da dā ake sauke auduga. A gefenta ga gidan mai masaƙar, da zanen zinariya a rufin ɗakuna. A tsallaken titi kuma ga gidajen ma'aikatansa, ɗakuna a matse kamar akurki.

Ni dai na zama kamar yaro. Ina ta tambaya, ina ta sa ta ɗauke ni hoto. Na tuna yayana marigayi da ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har aka rufe ta, ya dawo Zariya ya ƙare rayuwarsa yana sayar da goro a Kwangila. Tasu masaƙar ciyawa ce ta cinye ta, aka kwashe kwanon rufin. Waɗannan kuwa sun wanke tasu sun sa mata fitilu suna nuna wa baƙi. Na yi ta yi wa Uwata wannan bayani, tana cewa, “Haka ne, Baba.”

Akwai abubuwan da idona ya gani amma hankalina bai tsaya a kansu ba. In muka shiga gidan abinci, kujerar bakin ƙofa take zaɓa. Ta sa a kawo min kifi da dankali don kada in yi shakkar naman, ita kuma ta yi ta juya cokali a miya har ta huce. Yatsunta duk ƙananan yanka ne, fatarsu kuma ta yi kanta. Sau ɗaya jirgin titi ya ja birki da ƙara a kusa da mu, ta damƙe hannun rigata har na ji farcenta, sannan ta sake ta yi dariya ta ce santsi ne ya kwashe ta.

Wata rana da hantsi muka je wata tsohuwar masaƙa mai farin fenti wadda aka mayar gidan tarihi. A wani dogon zaure an jera injinan saƙa na dā, baƙaƙe, da zare a jikinsu. Mai yi mana bayani wata tsohuwa ce gajera mai farin gashi, wadda ta ce a irin wannan zauren ta yi ƙuruciyarta. Da yarensu take magana, Uwata tana fassara min abin da ta kama. Tsohuwar ta ce matan da ke aiki a nan yawancinsu kunnensu ya mutu kafin su tsufa, da leɓe suke gane maganar juna. Sai ta ce bari ta tayar da injinan mu ji da kunnenmu.

Na matsa gaba don in gani da kyau. Ta danna wani abu, zauren ya ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar ana dukan ƙarfe da ƙarfe a cikin kwanyarka, daɓen katakon yana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Na juya in ce wa Uwata ta ɗauke ni hoto, ban gan ta ba.

A ƙarƙashin matakalar bene na same ta. Ta dunƙule, ta cusa kanta tsakanin gwiwoyinta, hannayenta biyu a kan ƙeya, jikinta yana karkarwa, tana ta maimaita innalillahi. Na kira ta, ba ta ji ni ba. Na tsaya a kanta ban san abin da zan yi ba. Rabona da in taɓa ta tun tana firamare. Tsohuwar nan ce ta kashe injinan ta zo da sauri, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta rungume ta tana shafa bayanta, tana yi mata magana a hankali. Sai a lokacin na durƙusa na riƙe hannunta. Sanyi ƙalau.

Da ta dawo hayyacinta muka fita harabar gidan, muka zauna a wani benci. 

Na ce, “Uwata, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun can, Baba.”

Ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba mu ba a waya. Kwanakin da suka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, gini yana girgiza, ƙasa tana zubo musu a ka. Turmutsutsun tashar jirgi. Tafiyar ƙasa cikin ƙanƙara har ta daina jin yatsun ƙafarta. Mu a lokacin abin da take ce mana kawai shi ne, “Lafiya lau, ku ci gaba da addu'a.”

Ta ce gurbin karatun gaskiya ne, ta samu, ta kuma fara. Amma sai ta karanta shafi ta kai ƙarshe ba ta san me ta karanta ba. In aka rufe ƙofar aji sai numfashinta ya ɗauke. Ta faɗi jarrabawa, ta sake, ta sake faɗi. Daga nan ta bari.

“To yanzu me kike yi?”

“Aiki nake yi a wani kamfani a bayan gari. Injin wanki suke haɗawa. Ni a ɓangaren sa kaya a kwali nake, can babu ƙara sosai. Hutu na roƙa saboda zuwanka.”

Na dubi yatsunta. Na ce, “Me ya hana ki gaya mana?”

Ta sunkuyar da kai. “Baba, duk sanda na bugo waya, Mama sai ta miƙa wa maƙwabta su gaisa da likita. Har ciwon ƙafa ake tambayata magani. Ta ina zan fara?”

Na ce ta haɗa kayanta mu koma gida tare. Ban yi shawara da ita ba, umarni na ba ta, da muryar da nake yi wa 'yan aji magana. Tunda aka haife ta ba ta taɓa musa min ba. Ranar ta ce, “Ka yi haƙuri, Baba, ba zan iya ba yanzu. In na dawo, a me na dawo? Kowa zai zo kallona.”

Raina ya ɓaci, na ce to ta kai ni inda take kwana in gani.

Ashe ɗaya daga cikin gidajen ma'aikatan nan ne na jan bulo, irin waɗanda na tsaya a gabansu aka ɗauke ni hoto. Muka hau bene mai duhu da warin kabeji. Ɗaki biyu ne da ɗan madafi. Nata ɗakin tsaf, ga dardumar salla a ninke, ga littattafan likitanci an jera a ƙarƙashin taga, an rufe su da zane. Ɗaya ɗakin na wata mata ce 'yar Ukraine, ta kusa sa'ar mahaifiyar Uwata, wadda ita ma yaƙin ne ya koro ta, mijinta kuma ya rasu a can. A kamfanin suka haɗu.

Matar ta dafa mana shayi. Ta dubi fuskar Uwata ta gane abin da ya faru. Sai ta juyo gare ni ta yi magana mai tsawo, ta sa yarinyar ta fassara. Uwata tana fassarawa tana jin kunya. Wai ita ce take tashinta in ta yi firgita cikin barci. Wai ita ta ja ta zuwa wurin likitan da ke duba masu irin wannan damuwa, kuma ta fara samun sauƙi, ta fara cin abinci. Wai don Allah kada in ɗauke ta yanzu.

Na ji zafin maganar. Ga wata baƙuwa, ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, tana gaya min abin da ya dace da 'yar da na haifa. Na so in mayar mata da magana. Amma da na duba, duk abin da ta lissafa ita ta yi shi, ni ina Tudun Wada ina karɓar gaisuwar baban likita. Na ce Uwata ta ce mata na gode.

Sauran kwanakin ban ƙara zuwa kallon komai ba. Na ce ta koma aikinta. Da rana in zauna a masauki, in yi salla ta agogo tunda babu kiran salla, in yi ta kallon ruwan sama a taga. Da yamma in je gidansu, ta tuƙa mana tuwon semo da miyar kukar da na kawo mata, mu ci mu uku. Wata safiya na raka ta har ƙofar kamfanin. Na tsaya a tsallaken titi ina kallo ta shiga layi da sauran ma'aikata, ɗankwalinta kaɗai ne a cikinsu, har ƙofa ta rufe.

Ranar da zan taho na sake tambayarta ko ta canza shawara. Ta ce a'a. Na ce to zan gaya wa mahaifiyarta gaskiya, ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba. Ta ce, “Ka gaya mata a hankali.”

Da na iso gida, 'yan sannu da zuwa suka cika zaure. Na nuna musu hotuna a waya, na ba su labarin masaƙu da sanyi. Duk wanda ya tambayi yarinyar na ce tana gaishe shi. Sai washegari bayan azahar, da gida ya yi shiru, na kira mahaifiyarta ɗaki na zaunar da ita.

Ba ta katse ni ba har na gama. Ba ta tambayi karatun ba ko sau ɗaya. Abin da ta ce shi ne, “Malam, ka ga 'yarka a wannan hali, ka hau jirgi ka baro ta?”

Na yi mata bayanin likitan, da matar da suke zaune tare, da abin da yarinyar ta ce da bakinta. Ta ce, “Ni da na je, da ko a bayana ne sai na goyo ta.” Ta tashi ta fita. Ta yi kwanaki ba ta yi min magana ba sai gaisuwa.

Yanzu duk Juma'a suna waya, su daɗe, a ɗaki, ƙofa a rufe. Uwata tana can har yau. Tana aikinta, tana zuwa wurin likitan. Wani lokaci ta ce tana tunanin karatun jinya, wani lokaci ta ce za ta zo gida da babbar salla, sallar ta zo ta wuce. Muryarta ta fi dā ƙarfi, wannan kam na ji da kunnena.

Ni da mahaifiyarta ba mu daidaita a kan maganar ba. Ita tana nan a kan cewa na yi sakaci. Ni kuma wata rana in ga na yi daidai, wata rana in tashi da safe in ji kamar in je Legas in sake neman biza. Ƙanena ya ce in bari zuwa baɗi mu gani, in ya yiwu wannan karon uwar ce za ta je.